Ranar Miƙa Makulli: Yaushe Aikin Magini Yake Ƙarewa?

Kowane gini yana da ranar da ake miƙa makullinsa. A ranar akan share fili, a kwashe guntayen katako da tsofaffin buhunan siminti, wanda aka yi wa ginin ya zo da mutanensa ya zaga ɗaki ɗaki. Yakan buɗe taga ya rufe, ya murɗa famfo, ya kunna fitila, ya shafa bango da hannu. In abin da ya gani ya gamshe shi sai a sa hannu a takarda, a yi musafaha, kowa ya kama gabansa. Bisa ga takarda aiki ya ƙare ke nan.

Amma abin da mai karɓa ya gani a ranar kaɗan ne ƙwarai. Ya ga fenti da ƙofofi da kwanon rufi. Bai ga zurfin harsashi ba, gama ƙasa ta rufe shi. Bai ƙirga rodin da ke cikin ginshiƙai ba, gama kankare ya haɗiye su. Bai san buhu nawa na siminti aka zuba a kwaɓi ba, bai kuma san ko an shayar da kankaren ruwa ko an bar shi ya bushe a rana ba. Akwai mutum guda da ya san waɗannan abubuwa duka, ko kuwa ya kamata ya sani, wato shugaban aiki. Shi ne yake tsaye a shantiye tsakanin wanda ya ba da kuɗi, da mai zane, da injiniya, da ɗan kwangila, da birkiloli da kafintoci da leburori. Ta bakinsa umarni yake sauka, ta bakinsa kuma labari yake hawa.

Tambayar da take gaban wannan mutum ita ce: yaushe nauyin ginin yake sauka daga wuyansa? Ranar da aka sa hannu ne, ko ranar da wa'adin lamuni ya cika, ko kuwa akwai wani sashe na nauyin da takarda ba ta iya sauke shi? Amsar da za a kare a nan ita ce, aikinsa bai ƙare ba muddin akwai abin da ya sani game da ginin, wanda zai iya cutar da masu zama a ciki, su kuwa ba su sani ba.

Aikin da ido ba ya gani

Mai sayen gero a kasuwa yakan cusa hannu cikin buhu ya duba. Mai sayen doki yakan buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya hau ya zaga. Gini ba ya dubuwa haka. Kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da injiniyoyi suke lissafi da shi, kuma yana bukatar a riƙa jiƙa shi kamar mako guda bayan an zuba, musamman a ƙasa mai zafi da iska busasshiya. Wanda aka yi wa haka da wanda aka ƙyale, in an shafe su da filasta, kamarsu ɗaya. Rodin da aka sa kusa da fatar kankare yakan yi tsatsa a hankali, ya kumbura, ya tsaga ginshiƙi bayan shekaru, sa'ad da waɗanda suka ɗaure shi sun daɗe da barin garin. Saboda haka duk mai karɓar gini, ko minista ne ko gwauruwar da ta tara kuɗin ɗaki biyu, da amana yake karɓa.

Mutanen dā sun san da wannan. A Babila, wajen shekara 1750 kafin haihuwar Almasihu, dokokin sarki Hammurabi sun yanke cewa in gida ya rushe ya kashe mai shi saboda rashin ingancin aiki, a kashe maginin. In bango ya karkace, magini ya gyara da kuɗinsa. Hukuncin yana da tsanani, amma ya nuna cewa tun wancan zamani ba a ɗauki biyan lada a kan shi ne ƙarshen magana tsakanin magini da mai gida ba.

A ƙasar Hausa wata hanya ce ta tsare wannan amana. Magini ɗan gari ne. An san gidansu, an san wanda ya koya masa, akwai kuma sarkin magina da za a kai wa ƙara. A ƙauyen Yama, cikin jihar Tawa, Falke Barmu ya fara ginin masallacin Jumma'a a 1962 da ƙasa da itace, mutanen gari suna kawo ruwa suna kwaɓa, ya kuma ci gaba da gyara shi da ƙara masa hasumiyoyi cikin shekarun da suka biyo, har ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Magini irin wannan ba shi da ranar miƙa makulli ta gaske. Kowace damina tana gwada aikinsa a gaban idon maƙwabtansa, in soro ya yi yoyo kuwa an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Ginin zamani ya raba wannan aiki ga hannuwa masu yawa. Mai zane yana wani birni, injiniya yana wani, ƙarfe daga wata ƙasa yake zuwa, leburori kuwa na kwana ne, yau suna nan gobe suna wani shantiye. Inda hannuwa suka yi yawa, kowa yana iya cewa nasa sashen daidai yake, laifin na wani ne. Domin a toshe wannan kafa aka ƙirƙiro matsayin shugaban aiki. Wajibinsa na fari shi ne kada wani sani ya ɓace a tsakanin mutum da mutum.

Maganar da ba a rubuta ba

Ran 17 ga watan Yuli 1981, a birnin Kansas na Amurka, mutane sun taru suna rawa a babban zauren otal ɗin Hyatt Regency, wanda aka buɗe shekara guda kafin nan. A saman zauren akwai gadojin ƙafa da aka rataye da sandunan ƙarfe daga rufi, ɗaya a hawa na huɗu, ɗaya kuma daidai ƙarƙashinta a hawa na biyu. Gadojin nan biyu suka tsinke suka faɗo kan jama'a. Mutum 114 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni.

Da aka bincika sai aka tarar abin da ya jawo haka ɗan canji ne da aka yi tun ana aiki. A zanen farko, sanda guda doguwa ce za ta sauko daga rufi, ta ratsa gadar sama, ta kai ga ta ƙasa, kowace gada tana zaune a kan notinta. Masu ƙera ƙarfen suka ga wannan yana da wuyar yi, suka kawo shawara a yi sanduna biyu: ɗaya daga rufi zuwa gadar sama, wata daga gadar sama zuwa ta ƙasa. A ido bambancin ba wani abu ba ne. Amma a kwatanta mutum biyu da suka kama igiya guda a cikin rijiya, kowa da hannunsa a jikin igiyar. In na ƙasa ya saki igiya ya kama ƙafar na sama, hannun na sama yana ɗauke da nauyin mutum biyu ke nan. Haka nauyin da ke kan mahaɗin gadar sama ya ninka. An yi maganar canjin ta wayar tarho, daga baya kowane ɓangare ya ba da labarinsa dabam game da abin da aka faɗa. Zanen da aka canja ya bi ta ofishin injiniyoyi, aka buga masa hatimi, ba wanda ya zauna ya sake lissafi. A 1986 aka karɓe lasisin injiniyoyi biyu da ke da alhakin aikin.

Ba wanda ya yi niyyar kisa a wannan labari, ba kuma wanda ya saci ƙarfe. Masu ƙera ƙarfe sun zaci injiniya ya duba, injiniya ya zaci masu ƙera ƙarfe sun lissafa. Kowa ya miƙa wa ɗan'uwansa nauyi, nauyin kuwa ya faɗi a tsakaninsu.

Irin wannan yana faruwa kullum a ƙananan ayyuka. Rodi mai kauri milimita 12 ya ƙare a kasuwa, sai a ce a sa mai 10 kafin a samu. Wanda ya ba da aiki ya zo da yamma ya ce a gusar da ƙofa, ko a ƙara hawa ɗaya bisa harsashin da aka yi domin hawa ɗaya tak. Ana faɗin waɗannan a tsaye, injin kwaɓa kankare yana ruri, kowa ya ce to. Mutane da yawa suna ganin neman a rubuta irin wannan magana rashin yarda ne, har wani ya ji an ci mutuncinsa. Gaskiyar ita ce rubutun yana kare wanda ba ya wurin: injiniyan da zai duba gobe, da ma'aikacin da zai huda bangon bayan shekara goma, da yaron da zai kwana ƙarƙashin rufin. Shugaban aiki nagari yakan riƙe littafin shantiye, ya rubuta abin da aka canja, da wanda ya ce a canja, da wanda ya duba ya yarda. Ba ya barin a zuba kankare a kan canjin da ba a amsa masa ba. Tun ran gini ran zane, in ji masu tukwane.

Wanda zai iya cewa a tsaya

Magana tana iya zama daidai, a rubuce, amma ta rasa wanda zai yi aiki da ita. A 1907 ana gina wata babbar gadar ƙarfe a kan kogin San Loran kusa da birnin Kebek na Kanada. Babban injiniyan da kowa yake jiran maganarsa, Theodore Cooper, yana zaune a Niyok, ba shi da cikakkiyar lafiya, ba safai yake zuwa wurin aikin ba. Shi ne ya sa aka ƙara tsawon tsakiyar gadar zuwa mita 549, ba a kuwa sake lissafin nauyin ƙarfen yadda ya kamata ba. A cikin watan Agusta masu duba aiki suka ga wasu manyan ƙarafa na ƙasa sun fara lanƙwasa, lanƙwasar kuma tana ƙaruwa. Wani matashin injiniya mai suna Norman McLure ya hau jirgin ƙasa ya tafi Niyok ya gaya wa Cooper baki da baki. Cooper ya buga waya zuwa ofishin kamfanin da ke gina gadar cewa kada a ƙara mata nauyi. Saƙon bai kai bakin kogi a kan lokaci ba. Da yammacin ranar, 29 ga Agusta, gadar ta rufta, ma'aikata 75 suka mutu, 33 daga cikinsu ƴan ƙabilar Mohok ne na ƙauye guda.

Waɗanda suke wurin sun ga alamar da idonsu. Abin da suka rasa shi ne mutumin da yake da iko da kuma ƙarfin hali ya sauko da ma'aikata har a ji daga sama. Mai iko yana nesa, na kusa kuwa suna ganin ba hurumin su ba ne.

A nan ake gane shugabanci a wurin gini. Tsayar da aiki yana da tsada. Leburori za su zauna a biya su ko su watse, motar kankare za ta koma, ɗan kwangila zai yi fushi, akwai kuma tarar jinkiri a cikin yawancin takardun kwangila. In daga baya aka ga ba kome, wanda ya tsayar zai sha dariya. Duk da haka tsadar tsayawa kuɗi ce da kwanaki, ana kuwa iya mai da su. Waɗanda suke bisa katakon hawa ba su ga lissafi ba, ba su kuma da ta cewa, sun dogara ne ga wanda ya gani.

Akwai wani gefe na wannan. Sau da yawa wanda yake fara ganin ɓarna shi ne mafi ƙanƙanta a shantiye: kafintan da ya ji katakon da ke tallafe da rufi yana ƙara, ko leburan da ya lura yashin yau da laka a ciki. In shugaban aiki mai tsawa ne, wanda duk ya kawo masa mugun labari sai ya ci masa mutunci, to, nan da nan mutanensa za su koyi yin shiru. Zai riƙa jin lafiya lau kowace safiya har ranar da bango zai ba shi labari da kansa. Shugaban da yake so ya san gaskiyar aikinsa dole ya sa faɗinta ya zama da sauƙi ga na ƙasa da shi, ya gode wa wanda ya nuna masa kuskure ko da a gaban mutane ne.

Rufe aiki

Ƙarshen aiki shi ne lokacin da zuciya take yin sanyi. Kuɗi sun kusa ƙarewa, gwanayen ma'aikata sun wuce wani shantiye, hankalin shugaban aiki kansa ya koma ga kwangila ta gaba. Abubuwan da suka saura ƙanana ne masu gundura: ƙofar da ba ta rufuwa sosai, bututun da ke ɗiga, indararon da ya karkace. Saboda an san halin ɗan'adam a wannan gaɓa, dokokin kwangila suka yi mata shinge. A ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa akan yi karɓa iri biyu. Ta farko ta wucin gadi ce, inda ake zagawa a rubuta duk abin da ya saura a gyara. Ta ƙarshe takan zo bayan wa'adin lamuni, galibi shekara guda. A tsakaninsu ana riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, sau da yawa kashi 5 cikin 100, har sai ya cika gyaran. Dokar Faransa tun 1804 ta ɗora wa magini alhakin manyan lahani har shekara goma, a 1978 kuma aka ƙara tilasta inshora a kan haka. Ƙasashen da suka bi tsarin Ingila su ma suna da wa'adin gyara da kuɗin da ake riƙewa.

Waɗannan dokoki suna da amfani, amma iyakarsu abin da aka gano. Jerin gyare-gyaren ranar karɓa yana ɗauke da abin da idon mai karɓa ya kama ne kawai. Shugaban aiki yana iya bin sa a baya yana murmushi, ya san a wane lungu aka cike tsaga da filasta jiya da dare, ya yi shiru har a wuce wurin. Bai yi ƙarya da baki ba, bai kuma karya wani sharaɗi na takarda ba. Duk da haka ya bar mutum ya sa hannu a kan abin da da ya sani ba zai sa ba, wannan kuwa ha'inci ne ko da ba a furta kalma ɗaya ba.

Rufe aiki na gaskiya yana nufin a miƙa sani tare da makulli. A ba da zanen ginin kamar yadda aka gina shi a zahiri, da dukan canje-canjen da aka yi, domin wanda zai zo gyara ya san inda waya da bututu suka bi. A ba da sakamakon gwajin kankare, da takardun lamunin injuna, a nuna wa wanda zai kula da wurin yadda ake kashe ruwa da wuta, da lokacin da ya kamata a share magudanan rufi kafin damina. A faɗa a fili cewa harsashin nan hawa nawa zai iya ɗauka. Asibitin ƙauye da aka ba shi famfo mai aiki da hasken rana, ba a koya wa kowa kula da shi ba, an ba shi abin da zai mutu ne cikin ɗan lokaci.

Akwai kuma bashin da ba ya cikin jerin gyare-gyare, wato ladan ƙananan mutane. Mai kawo yashi da amalanke, da matan da suka ɗebo ruwa, da maigadi, da leburorin makon ƙarshe, su ne akan ce wa su dakata sai an biya kuɗin ƙarshe. Ba su da takarda, ba su da lauya, in shantiye ya watse kuwa ba su san ofishin da za su je ba. Shugaban aiki shi ne ya san sunayensu da kwanakin da suka yi. Ginin da aka yi bikin buɗe shi alhali guminsu yana ciki ba a biya ba, ba a gama shi ba tukuna.

Bayan an sa hannu

Saura tambaya mafi wuya. An miƙa makulli, an biya kowa, mutane sun shiga, sa'an nan wanda ya yi aikin ya gano lahanin da ba wanda ya sani sai shi. Me ya wajaba a kansa?

A 1977 aka gama wani dogon bene mai hawa 59 a Niyok, na bankin Citicorp. Benen yana tsaye a kan manyan ginshiƙai huɗu da aka kafa a tsakiyar kowane gefe maimakon kusurwoyi, domin a bar wa wata majami'a filinta a kusurwa guda. Injiniyan da ya tsara ƙashin ginin, William LeMessurier, ya yi suna saboda shi. A 1978, bayan tambayar da ta zo daga wajen ɗaliban jami'a game da ginshiƙan, ya sake lissafin iskar da take bugun bene ta kusurwa. Ya kuma sami labari cewa mahaɗan ƙarafan da ya tsara a yi musu walda, an ɗaure su ne da ƙusoshi masu noti domin a rage tsada, ofishinsa kuma ya yarda da canjin. Da ya haɗa biyun, lissafinsa ya nuna masa cewa guguwar da takan zo kamar sau ɗaya cikin shekara 16 tana iya kā da benen in wutar lantarki ta ɗauke, na'urar da ke rage girgizarsa ta tsaya.

Ba wanda ya zarge shi, ba wanda ya tambaye shi. Faɗin gaskiya yana iya jawo masa ƙara a kotu da talauci da zubewar suna. Ya je ya gaya wa mai zanen ginin da shugabannin bankin. Daga watan Agusta masu walda suka riƙa shiga da dare bayan ma'aikatan ofis sun tashi, suna liƙa faifan ƙarfe masu kauri a kan mahaɗai wajen 200. Ana cikin aikin wata guguwa ta nufo birnin a farkon Satumba, sa'an nan ta juya ta koma teku. Aka gama gyaran cikin shekarar.

Wani zai ce wannan halin waliyyai ne, ba za a ɗora wa kowa ba. Kwangila tana da iyaka domin mutum ya san inda nauyinsa ya tsaya, in ba haka ba ba mai yarda ya gina kome. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta. Ba daidai ba ne a nemi magini ya gyara rufin da ya tsufa bayan shekara talatin, ko bangon da mai gida ya huda da kansa. Kwangila ita take yanke wanda zai biya. Amma wanda zai biya tambaya ce dabam da wanda zai faɗa. Mai yiwuwa ne wa'adi ya wuce, doka ba ta bin magini ko sisi, duk da haka in ya san rufin aji zai iya faɗowa kan yara, shirunsa ba shi da mafaka a wata takarda. Faɗakarwa ba ta da wa'adi, gama hatsarin ma ba shi da shi.

Wani kuma zai ce, in lissafin kuskure ne fa? An yi bincike daga baya da ya nuna mai yiwuwa hatsarin benen Citicorp bai kai yadda LeMessurier ya zata ba. Wannan bai rage darajar abin da ya yi ba. Ana auna mutum da abin da ya sani a ranar da ya yanke shawara, shi kuwa abin da lissafinsa ya nuna masa ke nan. Wanda ya yi shiru yana fatan lissafinsa ne ya kuskure, caca yake yi da rayukan waɗanda ba a shawarce su ba.

Ko a wannan labari mai kyau akwai tabo. An shirya yadda za a kwashe mutanen unguwar in guguwa ta zo, an gaya wa hukumomin birni, amma dubban masu aiki a benen da maƙwabtansa ba a gaya musu girman hatsarin ba. Manyan jaridun birnin suna yajin aiki a lokacin, cikakken labarin bai fito ba sai 1995 a mujallar The New Yorker. Masu kare wannan shiru suna cewa an guji firgita jama'a ne. Sai dai magatakardar da take hawa benen kowace safiya tana da hakkin ta zaɓi ko za ta zo aiki ranar da iska ta tashi, an kuwa yi mata zaɓin ba da saninta ba. Gaskiyar ta kai ga masu benen, ba ta kai ga dukan waɗanda ransu yake ciki ba. Ma'aunin da ya sa aka yabi injiniyan, shi ne kuma yake nuna inda aka gaza.

Yawancin shugabannin aiki ba za su taɓa gina bene mai hawa 59 ba. Ajujuwa uku ne, ko ɗakin haihuwa, ko rumfunan kasuwa, ko gidan wani da ya yi shekara ashirin yana tara kuɗinsa a baƙunta. Amanar kuwa iri ɗaya ce, har ma ta fi nauyi, gama mai ƙaramin aiki ba shi da injiniyan da zai duba masa, sai dai abin da aka gaya masa. Kafin shugaban aiki ya zaro makulli daga aljihu, ya kamata ya tambayi kansa ko akwai wani abu game da wannan gini da yake fatan mai karɓa ba zai tambaya ba. In akwai, wannan abin ne ya kamata ya fara faɗa.